Shekara Bakwai Michigan Tana Biyan Hollywood: Me Ya Rage a Ƙasa?

A watan Afrilun 2008 gwamnar jihar Michigan ta Amurka, Jennifer Granholm, ta sa hannu a wata doka da ta yi wa masu shirya fim tayin da ya fi na kowace jiha tsoka a lokacin. Duk kamfanin da ya zo ya ɗauki fim ko shirin talabijin a jihar, gwamnati za ta mayar masa da kashi 40 cikin 100 na abin da ya kashe. Idan kuma ya yi aikin a ɗaya daga cikin garuruwan da aka ware don farfaɗo da su, a ƙara masa kashi 2. A watan Yulin 2015 wanda ya gaje ta, Rick Snyder, ya sa hannu a dokar da ta rufe shirin baki ɗaya. Tsakanin sa hannun nan biyu jihar ta fitar da kuɗin da suka doshi dala miliyan 500. Wani ƙaramin gari ya faɗa ramin bashi, asusun fanshon malamai da 'yan sanda ya biya kuɗin ruwan da ba shi ya ci ba, mutane da yawa kuma suka koyi sana'ar da daga baya sai da suka bar gida kafin su ci abinci da ita.

Kafin a ga laifin kowa, ya kamata a san halin da jihar take ciki. Michigan ita ce gidan ƙera motoci a Amurka, Detroit kuwa cibiyarsa. Tun kafin rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 masana'antun suke ta sallamar ma'aikata. A 2009 Chrysler da General Motors duka biyun suka durƙushe, suka nemi kariyar kotu daga masu binsu bashi, rashin aikin yi a jihar ya haura kashi 14 cikin 100, babu jihar da ta kai ta. Matasan da suka gama jami'a suna ta tattara kayansu zuwa wasu jihohi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Shi ya sa dokar ta wuce a majalisa kusan ba hamayya. A majalisar dattawan jihar mutum ɗaya ce tak ta ƙi amincewa, Nancy Cassis, wadda tun daga ranar take cewa lissafin ba zai fita ba.

Michigan ba ita ta fara wannan hanya ba. A shekarun 1990 Kanada ta riƙa janye ayyukan fim daga Kalifoniya da rangwamen haraji da kuma sauƙin kuɗinta. Louisiana da New Mexico suka bi sahu a 2002, kafin a ankara jihohi sama da 40 na Amurka kowace tana da nata tayin. Abin da Michigan ta yi shi ne ta shigo kasuwar a makare, sai ta ce bari ta fi kowa taya wa.

A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya fahimta sosai, domin a kansa komai ya rataya. Sunan da aka ba shirin shi ne rangwamen haraji, amma irin rangwamen da ake biya ne da tsabar kuɗi. Kamfanin da ya zo ɗaukar fim na wata uku ba ya cin wata riba a jihar, don haka harajin da ake binsa kaɗan ne ko ma babu. Doka ta ce idan rangwamen ya fi harajin, baitulmali ya rubuta masa cek na ragowar. A misali, furodusan da ya kashe dala miliyan 10 a kan abubuwan da doka ta lissafa zai iya komawa gida da dala miliyan 4 da dubu 200 daga aljihun masu biyan haraji. Kuma abin da aka lissafa ya haɗa da albashin jarumai da daraktoci ko da ba 'yan jihar ba ne, har zuwa dala miliyan 2 ga kowane mutum. Wato jarumin da ya sauka a jirgi daga Los Angeles, ya yi sati shida a otal, ya koma da kuɗinsa, jihar ce ta biya kusan rabin wannan kaso na albashinsa. Abu na biyu, dokar ba ta sa iyaka ga jimillar abin da za a biya a shekara ba. Duk yawan finafinan da suka cancanta, haka yawan abin da za a cire daga baitulmali. Gwamnati ta buɗe famfo ba ta riƙe makunninsa ba.

Amsar masu fim ta zo nan take. A 2007 abin da aka kashe kan ɗaukar fim a jihar bai wuce dala miliyan 2 ba. A 2008 ya kai miliyan 125, a 2009 ya haura miliyan 220, a 2010 ya doshi miliyan 300, kamar yadda ofishin fim na jihar ya ruwaito. Fim ɗin Clint Eastwood, Gran Torino, asalin labarinsa a Minnesota aka rubuta shi, amma aka ɗauko shi aka dasa a unguwannin Detroit da kewaye saboda tallafin. Tashar ABC ta kawo shirinta mai dogon zango, Detroit 1-8-7, a 2010. Otal-otal suka cika, masu dafa wa ma'aikata abinci suka samu kwangila, kafintocin da aka sallama daga aikin gini suka koma haɗa ɗakunan wasa, masu wutar lantarki suka koyi ɗora fitilun ɗauka, kwalejoji suka buɗe kwasa-kwasan aikin fim. Ban yarda da masu cewa duk wannan banza ne ba. Magidancin da ya yi wata takwas ba albashi, ya samu aikin jan waya a wurin ɗauka, ya biya kuɗin gida, ba a lissafin masana ya ga amfanin shirin ba, a kan teburin abincin iyalinsa ya gani. Garin da kullum labarinsa a jarida rufe masana'anta ne da gidajen da aka gudu aka bari, ya wayi gari ana maganarsa da wani abu daban. Wannan ma abu ne mai daraja, ko da ba ya shiga ma'auni.

Sai dai kuɗin gwamnati dole a auna su. A watan Satumban 2010 ofishin da ke yi wa majalisar dattawan jihar nazarin kasafi, wanda ba na wata jam'iyya ba ne, ya fitar da rahoton da ya girgiza shirin. Ya ce kusan rabin abin da kamfanonin suka ce sun kashe fita ya yi daga jihar, bai zagaya a cikinta ba. Ya ce yawancin ayyukan na 'yan kwanaki ne ko makonni, idan aka harhaɗa su aka mayar da su aikin cikakkiyar shekara, waɗanda fim ya samar kai tsaye a 2009 ba su kai 400 ba. Da aka raba kuɗin tallafin a kan wannan adadi, kowane aiki guda ya tashi a kan kusan dala dubu 190. Harajin da ya dawo baitulmali kuwa ɗan ƙaramin kaso ne na abin da ya fita.

Bayan 'yan watanni, a farkon 2011, kamfanin Ernst & Young ya fitar da nasa nazarin, wanda hukumomin jawo baƙi na wasu biranen jihar suka ɗauki nauyi. Shi kuma ya ce kowace dala ɗaya ta tallafi ta haifar da hada-hadar kusan dala 6. Daga nan kowane ɓangare ya riƙe takardarsa yana kaɗa wa ɗaya. Gaskiyar magana ita ce ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Ɗaya yana ƙirga yawan kuɗin da ya motsa daga hannu zuwa hannu, ɗaya yana ƙirga abin da ya koma asusun da aka ciro kuɗin. Kuɗi na iya motsawa da yawa alhali baitulmali yana asara, kuma jiha a Amurka ba ta da ikon buga kuɗi, dole kasafinta ya daidaita kowace shekara. Duk dalar da ta tafi ga fim, an hana ta ga makaranta ko titi ko 'yan kwana-kwana, waɗanda su ma da an kashe musu ita da ta motsa kasuwa. Nazarin da bai cire wannan ba ya nuna rabin hoton ne kawai. A ganina ofishin majalisar ne ya yi tambayar da ta dace da mai riƙe da amanar dukiyar jama'a.

Rick Snyder ya hau mulki a Janairun 2011. Akawu ne ta fuskar karatu, ɗan kasuwa ta fuskar sana'a, kuma bai ɓoye ƙin da yake yi wa rangwamen da ake ware wa wata sana'a ita kaɗai ba. A kasafinsa na farko, cikin Fabrairu, ya ce za a taƙaita tallafin fim a dala miliyan 25 a shekara. Ba a yi makonni ba masu shirya The Avengers, waɗanda suka riga suka shirya ɗaukar wani ɓangare a Michigan, suka karkata zuwa Cleveland a jihar Ohio mai maƙwabtaka. Wannan ƙaura ita kaɗai ta isa shaida. Shekara uku ana biyan kuɗi mafi tsoka a ƙasar, amma babu abin da ya ɗaure baƙin da wurin in ban da kuɗin. Baƙo raɓa ne, rana na fitowa zai kama gabansa.

A ƙarshen 2011 aka sake fasalin shirin. Aka bar maganar haraji, aka mayar da shi tallafin kuɗi kai tsaye wanda majalisa ke warewa a kasafin kowace shekara: miliyan 25 a shekarar farko, daga baya miliyan 50. Aka rage kason da ake mayarwa, aka kuma fifita albashin ɗan jiha a kan na baƙo. A takarda wannan ya fi tsari, domin gwamnati ta san iyakar abin da za ta kashe, kuma an fara kallon mutanen gida. Amma ya zo da tasa cutar. Fim babba ana shirya shi shekara ɗaya ko biyu kafin a kunna kyamara, shiri mai dogon zango kuwa yana neman tabbacin shekaru. Furodusa ba zai kafa sansani a inda kowace bazara sai an yi muhawara ko tallafin zai rayu ba. Ga kuma ƙarancin tukunyar: fim ɗin Batman v Superman, da aka ɗauka a Detroit da Pontiac a 2014, shi kaɗai an amince masa da dala miliyan 35. Idan giwa ɗaya ta sha wannan, me ya rage wa ƙananan furodusoshin jihar da ke neman dubban daloli su kammala fim ɗinsu na farko?

Inda abin ya fi ciwo ba a cek ɗin da aka ba kamfanoni ba ne, a gine-ginen da aka yi saboda su ne.

Allen Park ƙaramin gari ne a kudu maso yammacin Detroit, mutanensa ba su kai 30,000 ba. A 2009 wani furodusa daga Kalifoniya ya zo da alkawarin kafa katafaren sutudiyo mai suna Unity Studios, da dubban ayyuka. Hukumar garin ta sayar da takardun lamuni na dala miliyan 31 a 2009 da 2010, wato ta ci bashi daga masu zuba jari, ta sayi fili mai faɗin eka 104 da gine-ginen da ke kansa. Sutudiyon bai tashi ba. Abin da ya tabbata kawai wata makarantar koyon aikin fim ce, ita ma kafin 2010 ta ƙare an tattara an bar wurin. Bashi kuwa ya zauna daram, ana yanka kasafin garin ana biyansa. A Oktoban 2012 gwamnatin jiha ta naɗa wa garin kantoma, zaɓaɓɓun shugabanninsa suka koma gefe. A Nuwamban 2014 hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta Amurka ta tuhumi garin da tsohon magajin garin da tsohon babban jami'in gudanarwarsa da yaudarar masu zuba jari, domin a lokacin da ake sayar da takardun an san aikin ya riga ya sukurkuce amma ba a faɗa ba. Aka sasanta, magajin garin ya biya tarar dala 10,000. Mazauna garin ba su rattaba hannu a yarjejeniya da kowa ba, amma su suka ɗauki kayan.

Na Pontiac ya fi girma, kuma shi an gina shi da gaske. Pontiac gari ne da General Motors ta raya sannan ta bari. A 2009 aka sa shi a hannun kantoma, kuma a shekarar ce aka yi gwanjon babban filin wasansa, Silverdome, a kan dala 583,000 kacal. A jawabinta na shekara a Fabrairun 2009 Granholm ta yi albishir da sutudiyon da zai kawo ayyuka sama da 3,000 a wata harabar da General Motors ta tashi daga ciki. Masu jarin manya ne, cikinsu har da attajirin gine-ginen kasuwanni Alfred Taubman da Ari Emanuel, ɗaya daga cikin manyan dillalan jarumai a Hollywood. Aikin ya ci kusan dala miliyan 80, ya samu rangwame daga jiha da tarayya da kuma garin da ko albashi da ƙyar yake biya. Sannan aka sayar da takardun lamuni na dala miliyan 18, aka sa asusun fanshon ma'aikatan jiha ya tsaya musu, wato idan sutudiyo ya kasa biya, kuɗin tsufan malamai da 'yan sanda da sauran ma'aikata ne zai biya.

Sutudiyon ya buɗe a 2011 da babban baƙo. Kamfanin Disney ya kama wurin gaba ɗaya don ɗaukar Oz the Great and Powerful, wanda Sam Raimi, haifaffen jihar, ya ba da umarni, aka kuma amince masa da tallafin kusan dala miliyan 40 a ƙarƙashin tsohon tsari. Wata shida wurin yana cike da ɗaruruwan ma'aikata. Da aka naɗe kayan aiki a ƙarshen shekarar, sai ɗakunan ɗauka suka yi tsit, domin sabon tsarin tallafi bai isa ya jawo wani irinsa nan kusa ba. A Fabrairun 2012 lokacin biyan kuɗin ruwa na dala 630,000 ya yi, sutudiyo ya kasa cikawa, asusun fansho ya biya mafi yawansa. A Agusta aka maimaita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan shi ne ɓangaren da na kasa samar wa uzuri ko kaɗan. Attajiran da suka shiga harkar suna da ƙarfin ɗaukar asara, kuma da riba ta zo tasu ce. Malamar firamaren da ta yi shekara 30 tana ajiya ba a tambaye ta ba, ba ta da kaso a ribar, amma ita aka sa a gaba ta tare faɗuwa.

Masu kare shirin suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Sun ce ba a bar shi ya girma ba. Jihar Jojiya ta ɗaga nata rangwamen zuwa kashi 30 a shekarar 2008 ɗin nan, ba ta sa masa iyaka ba, ba ta kuma yi ta canza shi ba, yau Atlanta tana cikin manyan cibiyoyin ɗaukar fim a duniya. New Mexico ta samu Breaking Bad, wanda aka yi shekaru ana ɗaukarsa a Albuquerque daga 2007 zuwa 2013, ma'aikata suka ƙware a kansa, har Netflix ta sayi sutudiyo a birnin a 2018. Darasin da ke nan gaskiya ne: shiri mai dogon zango ya fi fim ɗaya mai tsada amfani ga gari, domin yana ba mutum aiki wata takwas ko tara a shekara, ya dawo baɗi, yaron da ya fara da ɗaukar kaya ya zama mataimakin mai kyamara. Michigan ba ta yi sa'ar wannan ba, Detroit 1-8-7 zango ɗaya ya yi aka soke shi. Amma hujjar tana da gindi mai rauni. Jojiya har yanzu biya take yi, a wasu shekarun sama da dala biliyan 1, kuma masu binciken kuɗi na jihar da kansu sun nuna abin da ke dawowa baitulmali bai kusa da abin da ke fita ba. Dawwama tana riƙe baƙo, ba ta mayar da shi ɗan gida. Michigan kuwa, da birninta mafi girma, Detroit, ya ayyana karyewa a Yulin 2013, ba ta da aljihun wannan tsere.

Abin da na fi zargin shirin da shi shi ne bai taɓa tsayawa ya rarrabe abu biyu da ake kira da suna ɗaya ba. Akwai jawo kamfanin waje ya zo ya kashe kuɗi a wurinka, akwai kuma raya masu shirya fim na wurinka. Na farko haya ce, ranar da ka daina biya ko wani ya fi ka tayi, an tashi. Na biyu shuka ce, a hankali take fitowa, ba ta kawo jarumin da gwamna zai ɗauki hoto da shi, amma marubucin da aka ba kuɗin gyara labarinsa, da daraktar da aka taimaka ta kammala fim ɗinta na farko, da kamfanin tace hoto da sauti da aka ba rance ya sayi na'ura, duk suna nan bayan an rufe asusu, kuma haƙƙin mallakar abin da suka yi yana hannunsu. A duk finafinan da Michigan ta zuba wa miliyoyi, ba ta mallaki ko kashi ɗaya na ribarsu ba. Da an ware ko ushirin kuɗin nan don ayyukan 'yan jiha, da sharaɗin horar da sababbin hannu da kuma mayar da wani abu idan fim ya yi kasuwa, da an samu abin nunawa wanda ba ya hawa jirgi ya tafi. Gyaran 2011 ya ɗan leƙa wannan hanya da ya fifita albashin ɗan jiha, amma ma'aunin bai canza ba: wanda ya fi kashewa shi ya fi samu, kuma ɗan gida ba zai taɓa fin Disney kashewa ba.

Ƙarshen ya zo ta hanyar tituna. A Mayun 2015 masu zaɓe suka yi fatali da ƙudirin ƙara haraji don gyaran hanyoyi, kusan kashi 80 cikin 100 suka ce a'a. 'Yan majalisa suka shiga neman inda za su tsakuro kuɗi, tallafin fim kuwa ba shi da sauran masu tsaya masa da yawa. Cikin wata biyu aka rufe shi. A dala miliyan 25 na ƙarshe da aka ware, miliyan 19 an tura su ne don sauke bashin sutudiyon Pontiac daga wuyan asusun fansho. Ma'aikatan da suka ƙware, masu fitilu da masu kwalliya da masu haɗa ɗakunan wasa, da yawansu suka bi aikin zuwa Atlanta da New Orleans da Los Angeles, wato jihar ta biya kuɗin horar da hannayen da wasu jihohi suka mora. A 2017 kamfanin Williams International, mai ƙera ƙananan injinan jiragen sama, ya sayi ginin sutudiyon Pontiac ya mayar da hedikwatarsa can. A 2023 wasu 'yan majalisar jihar suka sake gabatar da ƙudirin dawo da rangwamen fim, wannan karon da iyaka a kan abin da za a kashe da kuma kaso mafi girma ga wanda ya ɗauki 'yan jiha aiki.